Kada A Rubuta Yaro Cikin Masu Laifi Tun Bai Yi Laifin Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Tambayar da za mu ɗauka yau ita ce: shin daidai ne gwamnati ta riƙa bin diddigin yara tun suna ƙanana, tana tara bayanansu a kwamfuta, da nufin ta gano wanda zai zama mai laifi idan ya girma? Da jin tambayar, wani zai ce ai wannan alheri ne, rigakafi ya fi magani. Wani kuma gabansa zai faɗi, ya ce to idan ɗana ne aka rubuta fa? Duka biyun suna da hujja. Sa'ar da muka yi ita ce akwai ƙasar da ta shafe fiye da shekara 20 tana gwada wannan hanya, ta kashe kuɗi masu yawa, aka kai ta kotu, aka yi bincike, kuma sakamakon yana nan a bayyane. Ƙasar ita ce Birtaniya. Can za mu fi daɗewa a yau, mu leƙa Faransa da Amurka, sannan mu dawo gida. Ku gyara zama.

(Gajeren kiɗa)

Labarin ya faro ne daga wata yarinya 'yar Afirka ta Yamma mai suna Victoria Climbié. An haife ta a 1991 a unguwar Abobo da ke Abidjan, a ƙasar Kwaddibuwa. Iyayenta suka ba wata 'yar'uwar babanta riƙonta, don ta kai ta Turai ta yi karatu, kamar yadda mu ma muke ba 'yan'uwa riƙon 'ya'yanmu da kyakkyawar niyya. Matar ta wuce da ita Faransa, daga can suka shiga Landan a 1999. A watan Fabrairun 2000 Victoria ta rasu tana da shekara 8, bayan azabar da matar da saurayinta suka yi ta gana mata. Likitan da ya duba gawarta ya ƙirga rauni 128 a jikinta.

Abin da ya fi girgiza Turawan Ingila shi ne hukuma ta san da yarinyar. An kai ta asibiti sau biyu da raunuka. 'Yan sanda sun san da ita, jami'an walwalar jama'a na ƙananan hukumomi daban-daban sun san da ita. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Laming, wanda ya fitar da rahotonsa a 2003, ya gano lokuta aƙalla 12 da za a iya ceton ranta amma aka yi sakaci. Kowane ofis yana riƙe da guntun labari, babu wanda ya haɗa su wuri guda, babu kuma wanda ya zauna da yarinyar ya saurare ta yadda ya kamata.

Gwamnatin Tony Blair ta ce maganin wannan shi ne a haɗa bayanai. Aka yi dokar yara ta 2004, aka gina wani katafaren rumbun bayanai da aka sa wa suna ContactPoint. Kowane yaro a Ingila da bai kai shekara 18 ba, su kimanin miliyan 11, aka shigar da shi: sunansa, ranar haihuwarsa, adireshin gidansu, iyayensa, makarantarsa, likitansa, da duk wani ofishin hukuma da ya taɓa hulɗa da shi. Ginin rumbun ya ci fam miliyan 224. An tsara cewa ma'aikata fiye da 300,000 za su iya buɗe shi.

Tun ba a gama ginin ba jama'a suka fara tambaya: asirin da mutum 300,000 ke riƙe da mabuɗinsa, asiri ne kuwa? Matar da ta gudu da 'ya'yanta daga mijin da ke dukanta, wa zai tabbatar mata babu abokin mijin a cikin masu mabuɗin? Ana cikin wannan muhawara, a watan Nuwamban 2007, gwamnati ta fito ta amsa cewa hukumar haraji ta ɓatar da faya-fayan kwamfuta guda biyu da aka aika wa wani ofishi. A cikinsu akwai bayanan mutum miliyan 25, wato kusan duk iyalan ƙasar da ke karɓar tallafin yara, har da lambobin asusunsu na banki. Ba a ga faya-fayan nan ba har yau. Duk da haka aka buɗe ContactPoint a 2009, amma bai yi tsawon rai ba. Sabuwar gwamnatin David Cameron ta rufe shi a ranar 6 ga Agusta, 2010.

Masu sauraro, ku lura da abu ɗaya a nan. Victoria ba rashin rubuta sunanta ne ya sa aka kasa ceton ta ba. Sunanta yana cikin takardun ofisoshi da yawa. Abin da ta rasa shi ne ma'aikaci mai horo, mai lokaci, mai tausayi, wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce sai ya ga yarinyar da idonsa. Masana da yawa sun faɗa a lokacin cewa idan ka zuba sunayen yara miliyan 11 wuri guda, ka ƙara wa kanka wahalar gano 'yan ƙalilan da ke cikin haɗari na gaske.

(Gajeren kiɗa)

Wancan rumbun don kare yara aka gina shi. Amma a daidai wannan zamani wani tunani ya riƙa tasowa a gefensa: tun da bayanan suna hannu, me zai hana a yi amfani da su a gano yaran da za su addabi jama'a nan gaba? A 2006 Tony Blair ya fito ya ce ana iya gane gidajen da 'ya'yansu za su zama matsala, kuma ya kamata hukuma ta shiga lamarinsu da wuri, ko da tun kafin a haifi yaron ne. A 2008 wani babban jami'in binciken kimiyya na 'yan sandan Landan ya kawo shawarar a riƙa ɗaukar ƙwayoyin halitta na DNA na 'yan firamare waɗanda halinsu ya nuna alamar za su iya zama masu laifi. Jama'a suka yi ca a kansa, shawarar ba ta je ko'ina ba.

A Faransa ma an yi makamancin haka. A 2005 cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, INSERM, ta fitar da rahoto da ya ba da shawarar a riƙa tantance yara tun suna shekara 3 don gano masu taurin kai da yawan faɗa. Nicolas Sarkozy, wanda yake ministan cikin gida a lokacin, ya so a sa wannan a cikin dokar hana aikata laifi. Likitocin yara da malamai da iyaye suka tashi, kusan mutum 200,000 suka sa hannu a takardar ƙorafi, suna cewa ɗan shekara 3 da ya ƙwace wa ɗan'uwansa abin wasa ba ɓarawon gobe ba ne. Aka cire wannan sashe daga dokar.

Batun DNA kuwa sai da ya kai kotu. A 2001 'yan sandan birnin Sheffield suka kama wani yaro ɗan shekara 11 bisa zargin yunƙurin fashi. Suka ɗauki zanen yatsunsa da samfurin DNA ɗinsa. Kotu ta wanke shi, amma 'yan sanda suka ƙi goge bayanansa, domin dokar Ingila ta lokacin ta ba su damar riƙewa har abada. Shari'ar ta yi ta tafiya har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. A watan Disamban 2008 alƙalai 17 suka yanke hukunci da murya ɗaya cewa Birtaniya ta keta haƙƙinsa na sirri, suka kuma ja hankali musamman kan illar da irin wannan riƙo ke yi wa ƙananan yara. Wannan hukunci ne ya kai ga dokar 2012 da ta tilasta goge bayanan ɗimbin mutanen da ba a taɓa samu da laifi ba. Kotun ba ta ma bayyana sunan yaron ba, harafin S kawai ta kira shi da shi, don ta rufa masa asiri.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ga misalin da ya fi kama da abin da muka sani a garuruwanmu. A watan Agustan 2011 tarzoma ta ɓarke a Landan da wasu biranen Ingila, aka ƙone shaguna, aka wawashe dukiya. 'Yan siyasa suka ɗora laifin a kan ƙungiyoyin 'yan daba. A 2012 'yan sandan Landan suka buɗe wani kundi na asiri mai suna Gangs Matrix, inda suke rubuta duk wanda suke zargin ɗan daba ne, su ba shi maki, su sa masa launi: ja, ruwan ɗorawa ko kore, gwargwadon haɗarin da suke ganin yana da shi.

Ta yaya mutum ke shiga kundin? Ba sai kotu ta same shi da laifi ba. Ya isa a riƙa ganinsa da wane da wane. Ya isa ya fito a bidiyon waƙa da aka ɗauka a unguwarsu, ko a ga irin abin da yake yaɗawa a shafukan sada zumunta. Har wanda 'yan daba suka sara ana iya rubuta shi, bisa tunanin cewa wata rana zai nemi ramuwa. Ba a gaya wa mutum an sa shi, babu kuma wata fayyatacciyar hanya da zai bi a cire shi.

A 2018 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan kundin. Ta samu suna 3,806 a ciki. Kashi 78 cikin 100 baƙaƙen fata ne, alhali alƙaluman 'yan sandan da kansu sun nuna baƙaƙen fata kashi 27 ne kawai na matasan da ke aikata munanan laifukan tashin hankali a birnin. Mafi ƙanƙanta a kundin ɗan shekara 12 ne. Kuma kundin bai tsaya a ofishin 'yan sanda ba. Ana ba makarantu labari, ana ba hukumomin gidajen haya, ana ba ofisoshin neman aiki. Yaro zai ga ana yawan tare shi a hanya ana lalube shi, uwarsa ta samu takardar barazanar tashi daga gida, shi kuwa bai san daga ina masifar take ɓullowa ba.

Sai kuma abin da ake gudu ya faru. A 2017 wani ma'aikacin ƙaramar hukumar Newham da ke gabashin Landan ya aika wa mutum 44 saƙon imel ɗauke da cikakken jerin mutum 203 daga kundin, da adireshinsu, da laƙabinsu, da dabar da ake danganta su da ita. Ba a daɗe ba hotunan takardar suka bayyana a Snapchat, a hannun 'yan dabar da ke gaba da su. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar ƙaramar hukumar fam 145,000. Ita dai wannan hukuma ta riga ta yanke a watan Nuwamban 2018 cewa yadda 'yan sanda ke tafiyar da kundin ya saɓa wa doka. Bayan ƙarar da ƙungiyar Liberty ta shigar, 'yan sanda suka amince a 2022 cewa sai an yi wa tsarin garambawul, a watan Fabrairun 2024 kuma suka daina amfani da shi baki ɗaya.

A Amurka, jaridar Tampa Bay Times ta bankaɗo a 2020 cewa ofishin shugaban 'yan sandan gundumar Pasco a jihar Fulorida yana amfani da bayanan makaranta wajen haɗa jerin yaran da yake ganin za su zama masu laifi. Faɗuwa jarrabawa, yawan fashin makaranta, kai har kasancewar an taɓa cin zarafin yaro a gida, duk suna iya sa a rubuta shi. Yara 420 ne a jerin, iyayensu ba su sani ba. Ku duba wannan da idon basira: yaron da aka zalunta, zaluncin da aka yi masa ne ya zama hujjar zarginsa.

(Kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne kan bin diddigin yara da sunan hana laifi. To me ya sa wannan hanya take ta cin tura a duk inda aka gwada ta? Dalilai huɗu zan kawo.

Na farko lissafi ne. Masu goyon bayan tsarin suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne cewa idan ka bi tarihin manyan masu laifi, da yawansu sun taso cikin talauci, ko gidan da babu zaman lafiya, ko sun bar makaranta da wuri. Amma juya maganar ka gani: mafi yawan yaran da suka taso a irin wannan hali ba su zama masu laifi ba. Bari mu yi misali da ƙirga. A ce gari yana da yara 1,000, kuma 10 daga cikinsu ne za su zama riƙaƙƙun masu laifi. A ce an kawo na'ura mai ƙwarewa, wadda ke canka daidai sau 9 cikin 10. Za ta gano 9 daga cikin goman nan. Amma a cikin sauran yara 990, za ta yi kuskure a kan 99. Ka tashi da suna 108 a kundi, 99 daga ciki yaran kirki ne da ba za su taɓa cutar da kowa ba. Wannan fa da na'ura mai kyau ke nan. Kuma 'ya'yan wa za su cika jerin? 'Ya'yan talakawa, marayu, da na unguwannin da 'yan sanda suka fi yawan sintiri, domin inda aka fi dubawa nan aka fi gani.

Na biyu, lamba tana bin yaro. Duk malamin makaranta ya san haka. Yaron da aka saba kira ɓarawo, duk abin da ya ɓace a aji shi za a fara kallo, yaran kirki su guje shi, waɗanda za su karɓe shi su ne ɓata-garin. Bincike ya tabbatar da wannan. A jami'ar Edinburgh, wasu malamai biyu, Lesley McAra da Susan McVie, sun bi rayuwar yara kimanin 4,300 da suka shiga sakandare a 1998. Suka gano cewa idan ka ɗauki yara biyu masu irin laifi ɗaya, wanda ya fi nutsewa a hannun hukuma shi ya fi wuyar dainawa, kuma korar yaro daga makaranta tana cikin manyan abubuwan da ke kai shi gidan yari daga baya. Tun kafin wannan, a Amurka, an fara wani gwaji a 1939 a garuruwan Cambridge da Somerville da yara maza kimanin 500. Aka raba su biyu, rabi aka haɗa su da masu ba da shawara na tsawon shekaru, rabi aka ƙyale su. Bayan shekara 30 wata masaniya, Joan McCord, ta bi sawunsu. Waɗanda aka ware don a taimaka musu ba su fi sauran ba, hasali ma sun fi su maimaita laifi, da shan giya, da mutuwa da wuri. Niyya mai kyau ce, amma sakamakon ya zama akasin abin da ake so.

Na uku, ƙuruciya tana wucewa. Masu nazarin laifuka a ƙasashe da dama sun daɗe da sanin cewa rashin ji yana kai ƙololuwa a shekarun samartaka, daga nan ya yi ta raguwa yayin da mutum ya samu sana'a, ya yi aure, nauyi ya hau kansa. Kowace unguwa tana da dattijon kirki wanda tsofaffi ke tuna irin fitinar da ya yi yana yaro. Mutane suna mantawa, suna yafewa. Kwamfuta ba ta mantuwa sai an umarce ta. Malamanmu sun karantar da mu cewa ba a rubuta wa yaro zunubi kafin ya balaga, kuma Suratul Hujurat ta hana mu mummunan zato da binciken asirin juna. Idan Mahaliccin yaro ya yi masa wannan rangwame, bai kamata ɗan Adam ya buɗe masa kundin laifin da bai ma aikata ba.

Na huɗu, kuma wanda ya fi damuna, shi ne zubewar amana. Uwa tana gaya wa likita abin da ba za ta gaya wa kowa ba. Yarinya tana gaya wa malamarta abin da ke faruwa a gida. Ranar da suka gane cewa maganar za ta ƙare a teburin ɗan sanda, shiru za su yi. Uban da ɗansa ya fara shaye-shaye zai ɓoye shi maimakon ya nemi taimako. Mu nan mun san tsadar rashin yarda. A 2003 jita-jita kawai ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, aka shafe shekaru ana gyaran ɓarnar.

(Gajeren kiɗa)

To sai a naɗe hannu ke nan? Ko kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma akwai hanyoyin da aka gwada suka yi aiki.

A garin Ypsilanti na jihar Michigan, daga 1962, an ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, aka sa kusan rabinsu a makarantar share fagen firamare mai inganci, malamai suna ziyartar iyayensu a gida kowane mako. Da aka bi su har shekara 40, waɗanda suka samu wannan gata sun fi samun aiki, sun fi kammala karatu, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Babu wanda ya ce da su masu laifin gobe. Makaranta aka ba su.

Birnin Glasgow na Sikotland ya taɓa yin ƙaurin suna wajen sare-sare da wuƙa. A 2005 aka kafa sashen rage tashin hankali, wanda ya ɗauki matsalar kamar annoba da ke buƙatar likita da malami da mai ba da aiki, ba ɗan sanda kaɗai ba. Su ma sun san sunayen 'yan dabar, amma bambancin a bayyane yake. Waɗanda suka riga suka shiga harkar aka nema, kuma ba a ɓoye musu ba. An gayyace su zauren kotu, likitoci suka nuna musu abin da wuƙa ke yi wa fuska, iyaye mata da suka rasa 'ya'ya suka yi musu magana, 'yan sanda suka gargaɗe su, sannan aka miƙa wa kowa lambar waya da zai kira idan yana son koyon sana'a ko barin shaye-shaye. Makarantun birnin kuma suka rage korar ɗalibai ƙwarai. Kisan kai a Sikotland ya sauko daga 137 a shekarar 2004 zuwa 2005, ya koma kusan 60 bayan shekara 10.

(Gajeren kiɗa)

Mu dawo gida. Kada wani ya fahimci shirin nan a matsayin kira ga ƙin yin rajista. Takardar haihuwa haƙƙin yaro ce. Katin rigakafi kariya ce. Lambar NIN ta zama dole, tun 2021 ɗalibi ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai da ita. Gwamnatin da ba ta san yawan yaranta ba, ba za ta san ajujuwa nawa za ta gina ba. Ku yi wa 'ya'yanku rajista. Abin da muke cewa shi ne bayanin da aka karɓa don makaranta ya tsaya a makaranta, wanda aka karɓa don asibiti ya tsaya a asibiti.

Matsalar da ta sa Landan ta buɗe kundinta muna da irinta: faɗan daba da ƙwacen waya a Kano, sara-suka a Bauchi, Kalare a Gombe, ƙauraye a Katsina. Jama'a sun gaji, kuma suna da gaskiya. Yayin da bayananmu ke ƙara komawa cikin kwamfuta, ba abin mamaki ba ne wata rana wani ya kawo shawarar a haɗa rajistar makarantu, da ta almajirai, da ta 'yan sanda, a fitar da jerin yaran da za a sa wa ido. Kafin a amsa masa, a tuna abin da ya faru da waɗanda suka riga mu. A kuma tuna cewa a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

Doka tana bayanmu, sai dai mu san ta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wayarsa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a ƙa'ida sai da izinin uwa ko uba ko mariƙi za a sarrafa bayanan yaro, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙorafi. Jamhuriyar Nijar tana da irin wannan doka tun 2017, Ghana tun 2012. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 16, ta haramta yi wa sirrin yaro kutse ba bisa ƙa'ida ba.

Don haka iyaye, duk wanda ya zo da takarda ko na'ura yana neman sunan ɗanku, da hotonsa, da zanen yatsansa, ku karɓe shi da mutunci, sannan ku tambaye shi: wace hukuma ce ta aiko ka? Me za a yi da bayanin? Wa da wa za su gani? Har yaushe za a riƙe shi? Idan an yi kuskure, ina zan je a gyara? Ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Malamai da shugabannin makarantu, abin da ɗalibi ya gaya muku amana ce, kada ta fita sai idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari. Masu unguwanni da 'yan sintiri, idan za ku miƙa sunan yaro ga hukuma, ku miƙa shi a kan abin da ya aikata kuma aka shaida, ba don gidan da ya fito ko abokin da aka gan shi da shi ba, kuma ku fara kiran mahaifinsa. Mu kanmu masu riƙe da waya, mu daina ɗaukar hoton yaron da aka kama muna watsawa a WhatsApp da Facebook. Wannan ma kundi ne, kuma ya fi na hukuma wuyar gogewa. 'Yan majalisa da gwamnoni, kuɗin da za a kashe wajen sayen na'urar hasashen masu laifi, a kashe shi wajen ɗaukar malamai, da ciyar da ɗalibai, da cibiyoyin koyon sana'a, da wuraren jinyar masu shaye-shaye.

Wanda ya aikata laifi a hukunta shi bisa doka, gwargwadon shekarunsa. Wanda ke cikin haɗari a kai masa ɗauki a fili, da sanin iyayensa. Amma yaron da bai yi komai ba, a bar shi ya girma da sunansa mai tsabta. Ɗa na kowa ne, kuma rufin asirinsa nauyi ne a kanmu duka.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Ku tattauna wannan batu a gida, da majalisa, da taron iyaye da malamai. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)